Allurar Sanƙon Kawu

Assalamu alaikum Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a yanke min hukunci a karanta har ƙarshe.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Kura. Ina da kawu, yayan mahaifiyata, mai injin casar shinkafa a hanyar Bunkure. Shi ya taɓa cewa a gaban dangi karatuna na leƙen fitsarin mutane ne. Shi ne kuma kullum a majalisa yake tsine wa mata masu shafa man bilicin, wai suna canza halittar Allah. To wannan mutumin ne ya same ni bayan an tashi aiki, yana waige-waige kamar ɓarawon albasa, ya cire hula ya nuna min sanƙonsa.

"'Yar nan, na gani a waya ana ɗibar jinin mutum a juya a inji, a tace ruwan a yi masa allura a ka, gashi ya fito. Filasma suke cewa. Ki yi min, amma ko uwarki kar ta ji."

Na ce, "Kawu, aikin likita ne, ba a koya min ba."

Ya ce, "To me kika iya?"

Wannan maganar ce ta ja masa. Na ɗebi jininsa, na shiga ciki na zubar, na zuƙo ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya na tsittsira masa a ka. Duk wata sai ya zo, ya runtse ido yana salati, ni ina danne dariya. Yanzu har rantsuwa yake gashi ya fara tsirowa. Wane gashi? Kan nan har yau ƙyalli yake kamar kwanon silba. Ina jin kunyar faɗa, amma wallahi daɗi nake ji.

Sai ga Inna, mahaifiyarsu, kakata, mai ciwon suga, gyambo ya kama mata ƙafa. Likita a Kano ya ce a kwantar da ita. Kawu, da bai san komai ba sai buhu da sikeli, ya ɗauko ta ya dawo da ita gida. Ya ja ni soro ya ce, "Ba wanda zai yanke wa uwata ƙafa. An ce har gyambo filasma tana warkarwa. Abin da ya yi min aiki zai yi mata." Na ce a mayar da ita asibiti, ya ce baƙin ciki nake yi. Inna kuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke na yarda da ke, takwara."

In na faɗi gaskiya, na san halinsa, sai ya ga an kore ni daga aiki, ga shi a gidansa mahaifiyata take zaune tun rasuwar babanmu. In na yi shiru fa? Ƙafar Inna ta fara wari, kuma Kawu ya ce in zo da kayan aiki ranar Asabar mai zuwa.

Jama'a, me zan yi?