Saniya Mai Shuɗin Ƙyalle

Kwarin Tamir, farkon damina

Zuwa ga matata Sarnai,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar. Ina fatan kina cin damina lafiya, ke da wanda ke cikinki. Yana motsi? Ƙafar ta daina kumburi? Nan lafiya lau, ciyawa ta kai, dabbobi sun fara ƙiba. Kin san waya ba ta kamawa a kwarin nan, don haka wasiƙar za ta zo a hannun Gombo direba, tare da akwatin jinin shanu da zai kai ɗakin bincike. Idan kin ji tana warin garke, laifinsa ne.

Ban taɓa zaton binciken cutar bakkale zai kawo ni ƙofar bukkar Inna ba, sai ga shi. Da safe mu ɗebi jini a wuyan shanu. Da rana in zauna a inuwar mota da farin faranti, in ɗiga ruwan jinin, in ɗiga maganin nan mai ruwan hoda, in juya. In ya zauna sumul, saniya ƙalau take. In ya tsinke kamar madarar da ta kwana, cutar na jikinta, wadda ke sa saniya ɓari, ta sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ina juya farantin ina kallon inuwar gajimare tana hawa tudu tana gangarowa, har in manta inda nake. Gombo ya ce da ya san mafarki ido biyu ake kira bincike, da tuni shi ma masani ne.

Inna ba ta da zance sai naki. Ta cika rufin bukka da cukun da take shanya miki, ta ɗinka sabuwar shimfiɗa, wai nan za ki zo ki sha madara ki yi ƙarfi kafin haihuwa. Kin tuna jar saniyar da ta ɗaura wa shuɗin ƙyalle bara, bayan cikin da muka rasa, lama, malamin addinin Buda na kwarin nan, ya yi addu'a aka keɓe ta domin ɗan da za mu samu gaba? Ba yanka, ba sayarwa, sai ta mutu don kanta. Tana nan tana yawo kamar kwarin nata ne, kuma ita ma ciki gare ta. Inna ta ce tsere kuke.

Na ga Inna tana dafa gwiwa, tana gumi da sanyin safiya, na ce ta kawo hannu in ɗebi jininta. Ta ce ita ba saniya ba ce.

Naki har kullum,
Tsolmon

Kwarin Tamir

Sarnai tawa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta ɗan cikin. Ki zauna kafin ki karanta. Kuma kada ki haɗa kayan tafiya.

Jiya layi ya zo kan garken Inna. Na bar jar saniya ƙarshe, ni ma ban san dalili ba. Jinin wasu tsofaffin shanu biyu ya tsinke, Inna ta ɗaga kafaɗa ta ce a ɗauke su. Sai na ɗiga na mai ƙyalle. Ya tsinke. Na wanke faranti na sake, ya sake tsinkewa.

Abin da ya faɗo mini a rai shi ne ke bara, zaune a bakin bukka da kwanon ɗanyar madara mai ɗumin nono, kumfarta ta yi miki farin gashin baki a leɓe, kina dariya. Ban sani ba ko daga nan ne ɓarinki ya samo asali, Sarnai, kuma babu mai sani. Amma tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye miki ba. Ki je asibiti a duba jininki don hankalina ya kwanta.

Na yi wa Inna bayani: ranar da saniyar ta haihu ko ta yi ɓari, cutar za ta bi ciyawa, ta bi hannun da ya ja maraƙin, ta bi madara. Dole a raba ta da garke a yanka. Tana ta juya shayi da ludayi, ba ta ɗago ba. Can ta ce, "To ai aikinta ta yi. Ciwon da ya taso wa jikana ne ta tare da jikinta. Wanda ya tare maka ciwo za ka sa wa wuƙa, ɗan boko?"

Raina ya ɓaci. Na ce ta zaɓa, ko saniyar ta zauna ko ke ki zo, ba za a haɗa biyu ba. Ta zuba mini shayi, ta sa gishiri daidai yadda nake so, ta fita.

Da rana na kwanta a ciyawa, barci ya ɗauke ni. Na ga saniyar tana tafiya a tsakiyar kogi, ruwa ba ya jiƙa ta, wata 'yar yarinya a bayanta riƙe da bakin ƙyallen. Na yi ta kira, ba ta waiwayo ba, ban ga fuskarta ba. Da na farka, saniyar ce tsaye a kaina tana tuƙa, ƙyallen na kaɗawa a wuyanta. Na so in ji haushinta, na kasa.

Mijinki mai kewarki,
Tsolmon

A hanya, bayan mun bar Tamir

Zuwa ga Sarnai, abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Gombo ya kawo saƙonki cewa jininki ƙalau ne. Na karanta har takardar ta yi laushi.

Inna ta yi kwanaki ba ta ce mini ko ci kanka ba. Wata safiya ta hau doki ta tafi wurin lama, ta dawo da rana tsaka, ta tsaya a kaina ta tambayi wace jar karsana ce farantinta ya yi kyau. Ashe lama ya tuna mata cewa ana iya mayar da ƙyalle kan ƙarama mai launi ɗaya, kamar yadda ake yi idan babbar ta tsufa. Na nuna mata ɗaya. Ta sa na sake gwadawa a gabanta, ta sunkuya tana kallon ɗigon har hancinta ya kusa taɓa farantin.

Ta kunna turare, ta kwance ƙyallen da hannunta, ta ɗaura wa karsanar. Sannan ta ja jar saniyar zuwa motar da ta zo ɗaukar shanu masu cutar, tana rera mata waƙar da take yi lokacin tatsa. A bakin motar ta rungume wuyanta, na ji tana ce mata a kunne, "Kin ɗauka, 'yata. Tafi da shi nesa." Gombo ya juya baya, wai ƙura ta shiga idonsa.

Da ta dawo ta naɗe hannun riga ta miƙo mini. Nata ɗigon ma ya tsinke. Likita ya ba ta maganin makonni, na bar ta a hannun maƙwabciyarta, don na san halinta da ƙwaya.

Cukun da ta shanya miki kuwa ta hana ni ɗauka. Na ce dafaffe ne, ba abin da zai yi, ta ce ba ta yarda ba. Ta ce in gaya miki kada ki zo bana, ki haihu a birni, ita za ta zo idan ta warke. Shimfiɗar tana nan a naɗe. Zaren da za ki gani a cikin takardar nan daga ƙyallen ta zare shi, ta ce ki ajiye wa jariri.

Da muka tashi, ta fito da ludayi tana watsa madara sama a bayan motarmu don sa wa tafiyar albarka, kamar yadda take yi tun ina tafiya makaranta. Gombo ya leƙa madubi ya ce in duba. Na waiwaya. Tururi ke tashi daga ludayin, Sarnai. Sai da ta dafa madarar kafin ta watsa mana.

Ki kula mini da kanki da 'yar da na gani a kogi. Ina nan tafe kafin ciyawa ta bushe.

Naki,
Tsolmon