Kawu ya ƙwace na'urar da nake iya karatu da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

A Jiwa nake zaune gidan kawuna, mai shagon atamfa a kasuwar Garki, shi ya ɗauko ni daga Katsina da na gama sakandare. Ina shirin jarrabawar shiga jami'a. Matsalata ido, tun ina ƙarama ba na ganin ƙananan rubutu sai na manna littafi a hanci, ko da gilashi. Yayata da ke aiki a Idu ta ba ni e-reader ɗinta, 'yar na'urar karatu ce kawai, ba kira ba chat, amma ana ƙara girman rubutu yadda ake so. Wallahi da ita na fara gama shafi ba ciwon kai.

Shekaranjiya Kawu ya same ni a tsakar gida ina karatu, ya fizge ta da ƙarfi har sai da na faɗi a kan turmi. Wai maƙwabcin shagonsa ya ce hasken waɗannan abubuwan ke makantar da yara. Na ce Kawu ba ta da haske irin na waya, kuma da ciwona na zo gidan nan, ya ce au, ni zan koya masa? Wai karatun da ba a riƙe takarda ba, ba ya zama a kai. Ya kulle ta a durowa, ya ce in na ƙara maganarta guduma zai sa mata. Yayata ta kira, ya kashe wayar.

Jiya ya kawo min littattafai daga kasuwa har yana murna, 'yan fotokwafi, rubutu kamar tururuwa. Yau da safe na matsa wa kaina, sai layukan suka cakuɗe, idona na hagu ya yi duhu na ɗan lokaci. Na tsorata, na faɗa masa, ya ce kin ji, sauran hasken ne ke fita. Haba jama'a! Idon nawa ne ko na maƙwabcin shago?

Na san inda yake ajiye makullin. In na ɗauko ya gane, Katsina zai mayar da ni, karatu ya ƙare. In na haƙura da takardun nan, ina tsoron wata rana duhun ya zo ya ƙi tafiya. In ɗauko, ko yaya zan yi?