Rabin Filasta

Litinin, 3 ga Maris
Shekara arba'in ina hawa saman gini ban faɗo ba, yau dakalin banɗaki ya kayar da ni. Na dafa ƙasa da hannun hagu, na ji ƙas. 'Yata Auta ta kai ni asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba. Kafin ta dubi karayar sai da ta zare min zobe, ta danna farce. "Baba, kana jin nan? Nan fa?" Na ce 'yar nan, wuyan hannu ne ya karye, ba yatsa ba. Bayan hoto ta ɗora filasta a bayan hannun kawai, ta naɗe da bandeji. Wai a bar wa kumburi wuri. To.

Talata, 4 ga Maris
Ni magini ne. Leburan da ya yaɓe min rabin bango, ranar zai ajiye cebur. Ko filastar ce ta ƙare musu, ko sun ga tsoho ne.

Laraba, 5 ga Maris
Auta na fita aiki na tono ragowar farar hodar gyaran silin, na kwaɓa, na cike gaban hannun, na ɗaure da tsumma tam. Tela maƙwabcina ya riƙe min. Na shafe da bayan cokali, sumul. "Yanzu ne ya zama aiki," in ji shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Yatsu sun yi suntum, sanyi ƙalau, kamar na aro. Na ɓoye hannun cikin riga, Auta ta janyo shi. "Baba, wa ya yi maka wannan?" Na ce gwani. Ba ta yi dariya ba.
Da muka koma asibiti likitar ta danna farcen, ya yi fari ya ƙi dawowa. Ta miƙar da yatsa ɗaya, na yi ihun da ban yi ba ranar faɗuwa. Ta ce da mun kai gobe, sai dai a ƙirga yatsun da za su saura. Tana yanka aikina tana gumi. "Baba, gini dai ya ginu, shi ya sa ya shaƙe hannun."

Juma'a, 7 ga Maris
Sun kwantar da ni. Duk bayan awa wani ya zo ya danna min farce. Ina zargin Auta ce ta sa a yi gadina.

Laraba, 12 ga Maris
Kumburi ya sauka, likitar ta zagaye hannun da filasta duka. Yatsu huɗu suna motsi. Ƙaramin har yanzu barci yake. Ta ce a ba shi lokaci, ba ta yi alkawari ba. Wajen babban yatsa bai yi sumul ba, na gani sarai. Tela ya leƙo ya ce ko a ɗan gyara. Na ce ya koma kan kekensa.
Na sa Auta ta kyautar da hodar. Ba don komai ba, wuri take ci.