Ba Fanka Ba Ce Ke Ƙara

Yaya,

Kada ka buɗe ƙofar masai idan ka dawo! Na ɗaure ta da igiya.

Ka san yadda Inna ke mita cewa fankar da ka sa a bututun fitar da wari tana hana ta barcin rana. Yau da safe na kashe fankar, amma ƙarar ba ta tsaya ba. Na hau tsani in duba. Innalillahi! Ashe ragar bakin bututun ta yi tsatsa ta huje, ƙudan zuma sun cika shi maƙil. Ban gama saukowa ba na ji Inna tana ihu, "Ku zo, za su kashe ni!" Da iskar fankar ta tsaya, sai suka gangaro cikin masai, ita kuma ta shiga. Sun harbe ta a wuya da fuska, idonta ɗaya ya rufe.

Mun tafi asibiti. Ka kira mai zuma ya kwashe su, ka sayo sabuwar raga mai ƙananan idanu.

Inna tana numfashi, har faɗa take yi. Ka taho mata da takalmi, ba ta ko saka ba.

Ƙanwarka