Kifayen Maigida Sun Samu Ɗaki

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Jidda. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Madarumfa? Ni lafiya lau nike.

Maigidan da nike ma aiki ya sayo akwatin gilashi na kifin teku, sai gansakuka ta rufe shi, kore shar. Sati biyu ina kankarewa, har ruwan gishirin ya tsattsage mini hannu. Mai gyara ya ce a sa akwatin cikin duhu kwana uku. Ɗakina kaɗai ne babu taga, sai matar gidan ta ce, "Fitar da tabarmarki." Ƙarƙashin matakala nike kwana, ba laifi.

Ruwan ya washe tun watan jiya, amma ba a ce in koma ba.

Ki ce ma ƙanwata Saratu ta bar zancen fasfo. Ki sa ni addu'a.

Ɗiyarki,
Zuwaira