Na Ɗauki Mahaifina A Kyamara Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku 'yan uwa masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin kowa ya yanke mini hukunci, ya daure ya karanta har ƙarshe, domin zagi kam na riga na yi wa kaina iya wanda zan iya. Shawara nake nema.

Ni matar aure ce, ina zaune a Riyadh, unguwar Nasiriyya, mijina ma'aikacin ofishin jakadanci ne. 'Ya'yanmu uku, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Irin iƙamar da nake da ita, wato takardar izinin zama, ba ta fita aiki ba ce, amma ina da sana'ata a gida, wato tace bidiyo. Walimar mata, saukar karatu, taron 'yan ƙasarmu, ni ake kawo wa in yanke in haɗa. Wannan sana'a a wajen mahaifina na gaje ta, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Baba yana saurayi gwamnati ta tura shi Jamus ta Gabas koyon tace fim, lokacin ƙasar tana rabe biyu, ɓangaren da ya je kuma yana ƙarƙashin mulkin gurguzu. A can harkar fim duk ta gwamnati ce. Ita ke da kyamara, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke cewa wannan ya fita, wannan kada ya fita. Da ya dawo gida ya yi aiki a gidan talabijin har ya yi ritaya. Mu 'ya'yansa da labarin mutum ɗaya muka tashi, wata Bajamushiya da ta koya masa aiki, zan kira ta Malama Inge ko da yake ba sunanta ba ke nan. Baba ya ce a can yawancin masu tace fim mata ne, daraktoci kuwa maza, sunan darakta ke fitowa da manyan baƙaƙe, amma fim a hannun irin su Malama yake samun rai. Ya ce takan riƙe zaren fim ta ɗaga shi wajen fitila ta ce, "A nan matar nan ta ja numfashi, a nan za mu yanke." Da na fara taɓa kwamfuta ina haɗa hotuna, sai ya tsaya a bayana ya ce, "Uwata, hannun Malama ne a hannunki." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Labarin yana da wajen baƙin ciki, kuma mun haddace shi. Malama da wani darakta sun yi fim a kan mata ma'aikatan masaƙa. A ciki akwai inda wata tsohuwar ma'aikaciya ta dubi wakilin jam'iyya ta ce masa injinsu ya lalace tun bara amma a jarida kullum yana aiki. Kwamitin da ke duba fina-finai ya ce a cire wajen. Malama ta cire, amma ba ta miƙa shi a ƙone ba, ta naɗe shi ta ɓoye a wani gwangwanin fim, tana fatan wata rana zamani zai canza. Sai wani ya kai ta. Aka ɗauke ta daga manyan fina-finai aka mayar da ita tace gajerun hotunan koyar da tsallaka titi. Daraktan kuwa aka hana shi aiki, ya ƙare a ɗakin ajiyar kayan wani gidan wasan kwaikwayo, har ya mutu bai sake riƙe kyamara ba. Duk sanda Baba ya zo nan a labarin sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya kai ta." Mu kuma mu haɗa baki mu ce amin. Tun ina 'yar firamare nake cewa amin ɗin nan.

Bana Baba ya zo mana da bizar ziyara, ya yi Umra, sannan aka yi masa aikin yanar ido a nan. Yana zaune yana jinya ba abin yi, sai na ce bari in riƙa ajiye kyamara yana ba ni labarin zamansa a Jamus, ko don jikokinsa. Wallahi ya ji daɗi. Ya riƙa sa hula yana gyara zama, yana yin Jamusanci yara suna dariya. Da na ga abin ya yi kyau sai na yi wa wata mata magana, mai tsara wani shirin nuna gajerun fina-finai a nan Riyadh, ta ce in na gama in turo su gani. Daga nan tunani ya zo mini: ko Malama tana raye? Na yi ta bincike a intanet har Allah ya haɗa ni da jikarta. Tana raye, a gidan kula da tsofaffi. Na ce zan fara gaisawa da ita ni kaɗai, daga baya in haɗa su da Baba ba zato, in ɗauki fuskarsa lokacin da zai gan ta. Abin da na shirya ke nan, Allah ne shaidata.

Ranar da muka yi kiran bidiyo, Baba ya bi mijina asibiti a duba idon. Malama tsohuwa ce tukuf, kanta fari fat, jikar tana gefenta tana mayar mini da maganarta Turanci. Da ta ji sunan Baba sai ta yi dariya, ta ce ta tuna yaron da ke sa safa biyu saboda sanyi. Ta ce a bayan ƙofar ɗakin tace fim yake yin sallarsa, ita ce ta kawo masa tawul daga gida yana shimfiɗawa, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kada a sa masa ido. Ina ta murna. Sai na ce, "Ki tambayar mini ita, ta taɓa gano wanda ya kai ta?" Jikar ta tambaya. Tsohuwar ta yi magana gajera. Jikar ta ƙi fassarawa, sai da kakar ta taɓa hannunta. Ta ce, "Kaka ta ce mahaifinki ne. Ta ce ba a ɓoye ya yi ba. A gaban kwamiti ya tashi ya je ya ɗauko gwangwanin da hannunsa ya ajiye a kan tebur, tana zaune tana kallo. Ta zaci kin sani, shi ya sa kika kira."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Tsohuwar ta ci gaba, ta ce ba ta riƙe shi da wannan ba sosai, baƙo ne, yaro ne, ta san tsoratar da shi aka yi. Abin da ya tsaya mata shi ne bayan an cire ta daga aikin fim ɗin, shi aka ɗora a kujerarta ya ƙarasa tace fim ɗin yadda suke so, kuma ya bar ƙasar bai zo ya yi mata sallama ba. Ta ce da Jamus ta haɗe aka fito da fina-finan da aka danne, nasu ya fito ba wajen matar masaƙar, don an ƙone shi, ita kuma lokacin an sayar da ma'aikatar fim ɗinsu an sallame su, ba wanda ke neman tsohuwar mai tace fim. Ta ce, "In zai kira ni ya kira. Ni ba zan kira ba. Amma ya hanzarta, na tsufa."

Jama'a, mutumin da ya koya mini cewa mai tace fim amana yake riƙe da ita? Mutumin da ya taɓa yini bai yi mini magana ba saboda na yanke gaisuwar wata baiwar Allah daga bidiyon biki don ba na shiri da ita? Shi ne ya zaunar da mu shekara da shekaru muna ja wa ubanmu Allah ya isa da bakinmu ba mu sani ba? Da wa zan yarda kuma a duniya?

A nan nawa laifin ya fara. Washegari bayan la'asar na zaunar da shi a falo kamar kullum. Na liƙe 'yar jar fitilar kyamara da baƙin salatif, na ce, "Baba, na kashe, magana ce tsakanina da kai." Ban kashe ba. Na gaya masa na yi magana da Malama, na gaya masa abin da ta ce. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya ce, "Uwata, ke ba ki san ƙasar nan ba. Mutum biyu suka same ni a ɗakin kwanan ɗalibai, suka ce sun san akwai abin da aka ɓoye, in ban nuna ba za su sa ni a jirgi in koma gida ba takardar shaidar karatu. Duk garinmu suka raka ni tasha ranar da zan tafi. Da wane ido zan koma?" Na ce, "To Baba, Allah ya isan fa? Me ya sa ka sa mu muna cewa amin?" Ya ce, "Ai na san wanda nake nufi." Na fashe da kuka, na ce ya kira ta, ga lambar a wayata, ko kalma ɗaya ce ya faɗa mata. Sai ya mayar da hularsa, muryarsa ta koma ta uba, ya ce, "Maganar nan ta wuce. Kada ki ƙara tayar mini da ita, kuma kada ta fita daga ɗakin nan. Amana na ba ki." Ya tashi ya tafi alwala. Ko haƙuri bai ba ni ba.

Da ya nuna nadama ya karɓi wayar nan, wallahi da na goge. Amma fushi ya ci ni. Na zauna na sake tace fim ɗin daga farko. Na sa inda yake dariya yana yabon Malama, na sa inda yake cewa Allah ya isa, na biyo da fuskar tsohuwar daga kiran bidiyonmu da na naɗa, sannan na sa shi riƙe da hula yana cewa ya san wanda yake nufi. Ina jin kunyar faɗa, amma ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Na tura. Matar nan mai tsara shiri ta kira ni ta ce, "Mabruk, ina taya ki murna, mun ɗauka. Wajen da ya cire hula ɗin nan shi ne fim ɗin gaba ɗaya." Ta tambaye ni ko mahaifina ya amince a nuna, na ce mata ya amince. Ƙarya ta biyu ke nan.

Baba ya san masu shirin sun karɓi fim ɗin, amma ya zaci na farko ne, wanda yake ba jikoki labari. Ya manta da fushin da muka yi, ko ya yi kamar ya manta. Ya sa mijina ya sabunta masa biza don ya tsaya ya gani. Ranar Juma'a bayan an idar ya bi abokan aikin mijina ɗaya bayan ɗaya yana gayyatarsu, har da ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke zuwa gaishe shi. Ya sa aka kai shi kasuwar Utaiƙa ya sayo dabino kwali guda wai na rabawa ne a wajen. Ya kira yayyena a gida yana cewa Uwata ta fitar da shi kunya.

Da abin ya fi ƙarfina na nuna wa mijina. Ya kalla har ƙarshe, ya rufe kwamfutar ya ce, "Maman Hanan, ki ji tsoron Allah. Dattijon nan ya ce miki amana. Za ki tsayar da shi a gaban mutanen da ke durƙusa masa ki tuɓe shi? Shi tsoro ya sa shi, ke mene ne ya sa ki?" Na ce, "Ita matar fa? An ƙone mata aiki, an cinye mata rayuwa, yanzu ni ma in sa almakashi in cire gaskiyarta don kada ran wani ya ɓaci?" Ya ce, "Wancan tsakaninsa da ita ne da Allah. Ke uba gare ki, ba ɗan wasan fim ba. Khalas, magana ta ƙare, ki janye fim ɗin." Tun ranar sama-sama muke magana.

Ni kuwa na kasa. In na cire wajen, na san masu shirin ba za su nuna sauran ba, kuma dole in gaya wa Baba dalili, ya san na ɗauke shi a ɓoye. In na bari aka nuna, ina tsoron abin da zai same shi a kujerar nan, mutum ne mai hawan jini, kuma ina tsoron bakin uba. Wani lokaci kuma in ce a raina ai shi ya fara, shi ya gina ni a kan ƙarya, har sana'ar da nake taƙama da ita a kan kujerar wata aka same ta. Sai in tuna shi ne dai ya yi ta goya ni a babur yana kai ni makaranta, in rasa inda zan sa kaina.

Shekaranjiya jikar Malama ta turo mini saƙo cewa jikin kakarta ya yi tsanani, ta daina cin abinci sosai, kuma ta tambaya ko yaron nan mai safa biyu ya ce wani abu. Ban ba ta amsa ba. Yau da safe kuma Baba ya leƙo ɗakin da nake aiki da kofin shayi a hannu, ya ce, "Uwata, yanzu da idona ya buɗe, ba za ki nuna mini ba in duba miki yankan kafin mutane su gani?" Na ce masa kwamfutar ce ta sami matsala, sai gobe. Ya ce to, Allah ya kai mu, ya yi mini addu'a ya fita.

Gobe zai sake tambaya, kuma ba ni da wata ƙaryar da ta rage. Don girman Allah, ku da kuke da iyaye, ku gaya mini: me zan yi?