Jan Fenti a Katangarmu

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki a Fatakwal?

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Talata.

Da rani ma'aikatan hukuma sun zagaya Kazaure suna duba wuraren haɗari, daga ma'ajiyar fetur har hanyar ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Suka shafa jan fenti a katangarmu, wai mutanen gidaje masu alamar za a fara kwashewa in ruwa ya yi ƙarfi. Ka san Baba da yaɓe kafin damina. Ya yaɓe katangar, har da fentin.

Ruwan ya zo muna gona, Inna na kwance da ciwon ƙafarta. Masu ceto baƙi ne, suka wuce ƙofarmu. Ɗakinta ya rufta mata.

Jiya na tarar da Baba yana kankare yaɓen da farce. Ya ce, "Hadiza, ga shi nan, bai goge ba."

Ka yi mata addu'a, shi ma ka sa shi ciki. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza